Allah Yana Auna Kaurin Ƙarfe

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Ni mai walda ne. Yau ina da kamfanin da ke ƙera ƙofofi da tagogi da kujerun makaranta da tankunan ruwa, a wasu wuraren ma ana kira na shugaba. Amma idan aka tambayi sana'ata, walda nake cewa, domin da ita Allah ya ciyar da ni, kuma a bakin injin walda ya koya mini yawancin abin da na sani game da shi. Matasa a ikilisiya sukan tare ni da tambayoyi biyu. Wani ya ce, "Baba, anya mutum zai yi arziki a kasuwanci bai ci haram ba?" Wani kuma ya ce, "Baba, da ku ne a matsayina, za ku zauna a ƙasar nan ko za ku fita?" Na daɗe ina ɗaukarsu tambayoyi daban-daban. Da na waiwayi hanyar da Ubangiji ya bi da ni, sai na ga a wuri ɗaya ya amsa mini su duka.

Mahaifina ya rasu ina ƙarami. Mahaifiyata ba ta yi nisa a karatu ba, amma Zabura ta 23 da ta 121 suna kanta, kuma da su muke tashi kullum da asuba. Da kuɗin makaranta ya gagara, sai ta kama hannuna ta kai ni wurin wani mai walda, ta ce, "Maigida, ga ɗanka nan, amana." Mutumin ba Kirista ba ne. Mai zafi ne, ba shi da yawan magana, yabo kuwa ba ya fita daga bakinsa sai da ƙyar. Na yi shekaru ina shara, ina ɗaukar ƙarfe, ina goge tsatsa, kafin ya yarda in riƙe sandar walda.

Bari in faɗa muku abin da duk mai sana'ar nan ya sani. Idan mutum ya zo yana son ƙofa, kuka daidaita a kan farantin ƙarfe mai kaurin milimita 1.2, kana iya sayo mai 0.8 ka yi masa aiki da shi, ido ba zai bambance ba. Gaɓar da ya kamata ka bi da walda daga sama har ƙasa, sai ka ɗiɗɗiga nan da can, ka cike sauran da fila, wato kwaɓin da ake toshe rami da shi, ka goge ta yi sumul. Jan fentin da ake fara shafawa don ya tare tsatsa, ka tsallake shi. Da zarar fenti na ƙarshe ya hau, ƙofa ta ɗau ƙyalli, mai ita zai biya yana sa maka albarka. Sai damina biyu ko uku sun wuce gindin ƙofar zai fara cinyewa, kafin nan kai ka ci kuɗinka har ka manta.

Maigidana ba ya yin haka. Yakan ƙwanƙwasa faranti da bayan yatsa, daga amon ya san kaurinsa. Wata rana muka sami aiki mai yawa, babban yaronsa ya matso ya yi ƙasa da murya, ya ce ai idan aka ɗan rage kauri riba za ta ninka. Maigida ya ɗaga tabarau ya dube shi, ya ce, "Mai ƙofar ba ya gani. Mai sama fa?" Ya mai da tabarau ya ci gaba da aikinsa.

An yi mini baftisma tun ina saurayi, ina cikin ƙungiyar mawaƙa, ba na fashin sujada. Sai dai a tunanina na lokacin, Allah na ranar Lahadi ne, ranar Litinin kuwa ta ƙarfe ce da neman kuɗi. Wani dare ina karatun Littafi Mai Tsarki na iso Maimaitawar Shari'a sura 25, inda aka ce kada ka riƙe ma'auni iri biyu a jakarka, babba da ƙarami, kada kuma mudu iri biyu ya kasance a gidanka. Na tsaya cak. Ashe wanda ya shimfiɗa sammai yana leƙa cikin jakar ɗan kasuwa. Na bi sawun maganar, na same ta a Karin Magana 11:1, cewa ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji. Na kuma tuna a Markus 6:3 mutanen Nazarat sun kira Yesu masassaƙi. Wato Mai Cetona ya san ciwon baya, ya san mai saye da ke son aiki mai kyau a kan kuɗi kaɗan, ya san gajiyar la'asar. A daren nan na durƙusa na ce masa, "Ubangiji, ka karɓe ni duka, har da hannuwan nan." Ina so a fahimce ni da kyau: ba gaskiyar ciniki ce ta cece ni ba, jinin Yesu ne. Amma tun daga ranar ban ƙara iya raba Lahadi da Litinin ba.

Da aka yaye ni, na fara da injin haya a ƙarƙashin rumfa. Shekarun farko sun yi ɗaci. Kuɗin aikina ya fi na maƙwabta, domin ƙarfen da na faɗa shi nake sayowa. Mutum zai zo ya ji, ya girgiza kai, ya tsallaka titi, ina kallo ya ba wani. Akwai ranakun da na koma gida hannu rabbana, uwargida ta dubi fuskata ba ta tambaya ba, sai ta ce, "Sannu da zuwa, Baban yara, Allah yana nan." Abin da ya juya al'amarin ba mu'ujiza ba ce irin ta dare ɗaya. Lokaci ne. Ƙofofin da aka saya da araha suka fara ruɓewa, nawa suna tsaye. Wanda ya tsallaka titi ya dawo, ya kuma zo da ƙaninsa da surukinsa. Wani mai gini ya fara aiko mini da aiki ba tare da ya zo dubawa ba. Daga baya na karanta tarihin wasu Kiristoci a Ingila da ake kira 'yan Kweka, waɗanda a ƙarni na 17 suka ƙi faɗin farashi biyu saboda sun ɗauke shi ƙarya. Da fari mutane suka guje su, daga baya aka gane ko yaro ka aika shagonsu ba za a cuce shi ba, sai ciniki ya koma wurinsu. Na yi murna da sanin ba ni na fara bin wannan hanya ba.

Amma kada wani saurayi ya karanta wannan ya ce na ba shi lissafi: gaskiya a yau, arziki gobe. Na san masu tsoron Allah da suka fi ni ƙwarewa, suka riƙe amana har ƙarshe, suka kuma mutu ba su mallaki ko rumfar da suke aiki a ciki ba. Maigidana ma haka ya koma ga Mahaliccinsa. Raina yana ɓaci idan na ji ana wa'azi kamar Allah banki ne, ka zuba baiko ka kwashi riba, har talaka ya fita daga sujada yana zargin bangaskiyarsa. Bulus da ya rubuta wasiƙu masu yawa na Sabon Alkawari, ɗinkin tanti yake yi da hannunsa a Koranti tare da Akila da Bilkisu, ya kuma ce ya san ƙoshi ya san yunwa. Abin da na samu alheri ne. An ba ni don in riƙe wa wasu.

Shugabanci kuwa, wurin idanun yara na fara koyonsa. Wanda bai taɓa walda ba bai san wannan ciwon ba. Idan hasken walda ya bugi idonka da rana ba ka jin komai, sai tsakar dare ka farka kamar an zuba maka yashi a ciki, hawaye na zuba, ba ka iya buɗewa ba ka iya rufewa. Mu haka muka koyi sana'a, ana cewa da haka ido ke sabawa. Ido ba ya sabawa, lalacewa yake yi. Da na ɗauki yaran farko, wani a cikinsu ya zo da safe idonsa jawur yana ɓoye fuska don kada in kore shi. A makon nan kuɗin da na tara don ƙara inji na sa na sayo wa kowa garkuwar fuska da safar hannu da takalmi. Abokan sana'a suka ce ina ɓata yara. Ni kuwa abin da ke kaina shi ne maganar Yesu a Markus 10, cewa sarakunan al'ummai sukan nuna wa mutanensu iko, amma ba haka zai zama a tsakaninku ba, wanda ke so ya zama babba sai ya zama mai hidima. Uwayen yaran nan ma sun ce "amana" lokacin da suka kawo su.

Babban gwaji ya zo bayan kamfani ya tsaya da ƙafarsa. Mun yi wani babban aiki, muka kai kaya, aka sa hannu an karɓa, kuɗi kuwa shiru. Wata ya wuce, wani ya bi bayansa. Na ci bashin banki na sayi ƙarfen, ruwa yana hawa, ga ƙarshen wata yana zuwa ba ya jiran kowa. Akantana, mutumin kirki, ya zaunar da ni ya ce, "Oga, kowa a irin wannan hali riƙe albashi yake yi. Ku ce musu su yi haƙuri, ai sun san ba a biya mu ba." Maganarsa tana da hujja. Amma na san gidajen mutanen nan. Na san wanda matarsa ke gab da haihuwa, na san wanda mai gidan haya ke tsaye masa a ƙofa. Littafin Firistoci 19:13 ya ce kada hakkin ma'aikaci ya kwana a hannunka har safe. Maimaitawar Shari'a 24 ta ce ka biya shi kafin rana ta faɗi, ko ɗan'uwanka ne ko baƙo, domin matalauci ne, a kan kuɗin ya sa ransa. Yakubu kuma a sura 5 ya ce hakkin da aka danne yana kuka, kukan kuma yana kaiwa kunnen Ubangiji Mai Runduna. Ban ga inda aka ce sai idan an biya ka ba.

Muka yi addu'a da uwargida har dare ya raba. Da safe na sa motata a kasuwa. Wata na gaba filin da muka saya don gina gidanmu ya bi ta. Ni da iyalina muka daina ɗaukar ko sisi daga kamfani. Littafin Nehemiya ne abincina a kwanakin nan. Mutumin yana zaune lafiya a fadar Shushan yana miƙa wa sarki Artashate abin sha, ya ji labarin garun Urushalima ya rushe, ya zauna ya yi kuka, ya nemi izini wajen shekara ta 445 kafin haihuwar Almasihu ya koma. Kowa yana tuna an gama garun cikin kwana 52. Ni sura ta 5 ce ta kama ni. Talakawa suna jinginar da gonaki, suna ba da 'ya'yansu bauta saboda bashi, shi kuwa shekara 12 yana gwamna bai ci abincin da doka ta ba gwamna ba, alhali mutum 150 suna ci a teburinsa. Dalilinsa biyu: tsoron Allah, da kuma nauyin da ya riga ya yi wa jama'a yawa.

Ban gaya wa ma'aikata abin da na sayar ba, amma sun ga ina zuwa aiki a motar haya. Wata safiya shugaban ma'aikata, dattijo ne, shi ma ba addininmu ɗaya ba, ya shigo ofis ya tsaya yana murza hula a hannu. Ya ce, "Maigida, mun zauna mun yi shawara. A ba mu rabi har Allah ya kawo sauƙi. Ku rubuta sauran, mun yarda da ku." Na kasa magana. Na karɓa a matsayin bashi, na sa aka rubuta sunan kowa da abin da yake bi. Da kuɗin ya fito, bayan mun riga mun cire rai, su na fara biya kafin banki.

Yanzu ga inda maganar ƙasa ta shigo. An taɓa kira na a kan kwangilar kujerun makarantun gwamnati, aiki mafi girma da aka taɓa nuna mini. Jami'in ya rufe ƙofa, ya yi mini bayani a natse: kaso kaza nasu ne, ni kuma in fanshe a kan ƙarfe, ba wanda zai zo da ma'auni. Na ce, "Ranka ya daɗe, 'ya'yan talakawa ne za su zauna a kan kujerun nan. Ƙarfen da kuke nufi ba zai kai ƙarshen zango ba." Ya yi dariya, ba ta mugunta ba, dariyar wanda ya gaji. Ya ce, "Malam, kai kaɗai za ka gyara ƙasar?" Aka ba wani aikin.

Tambayar nan ta zauna mini a ƙirji shekaru. Ba da daɗewa ba na yi tafiya ƙasar waje sayen injin lanƙwasa ƙarfe. A filin jirgi ma'aikacin ya ga fasfona, fuskarsa ta canja, aka fitar da ni daga layi, aka zazzage jakata a gaban mutane, waɗanda ke bayana suna wucewa ba a ko dube su ba. Ban yi wa kowa laifi ba, sunan ƙasata kawai aka gani. Da na fita kuma na ga wuta ba ta ɗaukewa, masana'anta tana aiki dare da rana ba ƙarar janareta, sai wani abu mai kama da fushi da kunya ya cika ni. Wani ɗan'uwa da ke zaune can ya ce, "Yaya, da hannunka da jarinka, a nan shekara kaɗan za ka huta. Me kake jira a can?" Na dawo gida da takardun neman izinin zama a jakata, na kuma fara lissafin abin da kamfani zai yi idan aka sayar.

Ubangiji ya tare ni a Irmiya 29. Wasiƙa ce annabin ya aika wa waɗanda Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu. Na sha karanta aya ta 11, wadda kowa ke so, amma ban taɓa lura da aya ta 2 ba: cikin waɗanda aka kwasa har da masu sana'a da maƙera. Littafin Sarakuna na biyu ya ce su 1,000 ne. Mutanena ne, masu ƙarfe. Suna zaune a ƙasar da ta ƙona musu rai, wani annabi mai suna Hananiya yana cewa shekara 2 kawai za a dawo. Allah kuwa ya ce shekara 70 ce, don haka ku gina gidaje, ku dasa gonaki, ku yi aure ku aurar, ku nemi zaman lafiyar birnin, ku yi masa addu'a, gama cikin lafiyarsa ne taku take. Na ce a raina, idan an umarci maƙerin da aka ja da igiya ya nemi alherin Babila, ni da aka haifa a ƙasata, aka binne mahaifina a cikinta, wane uzuri gare ni?

Na ci gaba zuwa sura 32, can ne ya ƙarasa ni. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima, Irmiya kansa yana tsare a gidan waƙafi, shi ne kuma ya yi annabcin birnin zai faɗi. A wannan hali Allah ya ce ya sayi gonar ɗan'uwansa Hanamel a Anatot. Ya auna shekel 17 na azurfa, ya kira shaidu, aka sa hannu, aka zuba takardun a tulun ƙasa don su daɗe, domin za a sāke sayen gidaje da gonaki a ƙasar. Duk ɗan kasuwa ya san ba a sayen gona a bakin yaƙi. Na ajiye takardun tafiya. Kuɗin da na ware na sa na sayi fili, muka gina wurin koyar da sana'a a jikin masana'anta.

Wani fasto ya ba ni labarin Dietrich Bonhoeffer, malamin tauhidi ɗan Jamus. A 1939, yaƙi na ƙofa, abokansa suka samo masa mafaka a Amurka. Makonni kaɗan ya yi ya hau jirgin ruwa ya koma, yana ganin ba shi da bakin sa hannu a sāke gina rayuwar Kirista a ƙasarsa bayan yaƙi idan bai sha wahalar tare da mutanensa ba. Gwamnatin Hitila ta kama shi a 1943, aka rataye shi ranar 9 ga Afrilu 1945 a sansanin Flossenburg, yana da shekara 39. Abin da nake fuskanta bai kai ƙurar nasa ba. Amma na gane ƙaunar ƙasa ba ta nufin yabon masu mulkinta, domin shi ƙaunar Jamus ce ta sa ya tsaya wa masu mulkin Jamus.

Ba na hukunta wanda ya fita. 'Yata ta fari tana ƙasar waje tana aikin jinya, da hannuna na kai ta filin jirgi. Yusufu a Masar ya yi wa Allah hidima, Daniyel a Babila. Abin da na gaya mata shi ne, "'Yata, duk inda kika sauka ki nemi alherin wurin, kada kuma ki zagi inda kika fito don a karɓe ki." Kiran kowa daban ne. Nawa shi ne in zauna.

Akan ce mana ai mu 'yan Mulkin Sama ne, me ya haɗa mu da ƙasar duniya. Gaskiya ne Bulus ya rubuta haka a Filibiyawa 3:20. Amma shi wannan Bulus ɗin, da aka yi masa bulala a Filibi ba shari'a, ya ƙi fita daga kurkuku a ɓoye, ya ce shi ɗan ƙasar Roma ne, mahukunta su zo da kansu. A Urushalima shugaban sojoji ya ce shi da kuɗi mai yawa ya sayi 'yancin, Bulus ya ce shi da shi aka haife shi. Daga baya ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. A Romawa 9 kuma ya ce baƙin cikinsa saboda mutanensa ba ya yankewa. Saboda haka ina yin zaɓe, ina faɗin gaskiya ga mai mulki idan na sami dama, ina kuma biyan haraji cikakke da littafin lissafi guda ɗaya. Harajin nan yana mini ciwo, ba zan ɓoye ba, musamman idan na bi hanyar da ta farfashe zuwa wurin biyansa. Amma wanda ya ce a ba Kaisar abin da ke na Kaisar ya san halin Kaisar sarai. Satar da wani zai yi a sama, shi zai amsa ta. Littafina ni zan amsa.

Akwai kuma haɗari a ɗaya gefen, kuma shi ya fi ba ni tsoro: mutum ya sa ƙabila ko yanki a kujerar Almasihu. Ruwanda ƙasa ce da yawancin mutanenta Kiristoci ne, amma a 1994, cikin kwana kusan 100, aka kashe mutum wajen 800,000, da yawa a cikin majami'u irin na Ntarama da Nyamata inda suka gudu neman tsira. Masu kisan da waɗanda aka kashe, da dama baftisma ɗaya aka yi musu. Duk lokacin da wani dattijon ikilisiya ya ja ni gefe ya ce, "Ɗan'uwa, me ya sa kake ɗaukar waɗancan aiki alhali namu suna zaune?" Ruwanda nake tunawa. Amsata ba ta canjawa: hannu nake dubawa da hali. Wanda ya koya mini tsoron Mai sama a kan kaurin ƙarfe yana cikin "waɗancan". Wanda ya murza hula ya ce a ba su rabin albashi ma haka. An taɓa yin tashin hankali a inda muke, aka ƙona wuraren sana'a da dama. Ban iya fita ba. Washegari na iske ma'aikatana, masu zuwa coci da masu zuwa masallaci, sun kwana a bakin ƙofar masana'anta, kowane ɓangare yana tare nasa mutanen idan sun taso. Ba wanda ya sa su. A wurina waɗannan su ne ƙasata, kafin tuta da taken ƙasa.

Jami'in nan ya yi gaskiya, ni kaɗai ban gyara ƙasar ba. Wuta tana ɗaukewa har yanzu, ana kuma neman kaso. Abin da zan iya nunawa shi ne yaran da suka fita daga hannuna suka buɗe nasu wuraren. Wasunsu yau suna karɓe mini aiki, ina kuma murna, domin na san irin ƙarfen da za su sa. Duk wanda muka yaye, da injin walda da garkuwar fuska da ma'aunin kauri yake tafiya.

Ƙarfina ya fara raguwa, idanuna ma suna biyan bashin shekarun da muka yi walda ba kariya. Na fara miƙa ragamar kamfani ga wata baiwar Allah da ta shigo wurinmu tana yarinya mai shafa fenti, ta koyi walda, ta koma makaranta ta karanci lissafin kuɗi. 'Ya'yana sun goyi bayan haka, wasu dangi kuwa har yanzu ba su huce ba. Ina roƙonku ku sa mu a addu'a a kan wannan, Ubangiji ya ba ta hikima da ƙarfin hali ranar da za a rufe mata ƙofar ofis a yi mata irin bayanin da aka yi mini, ni kuma ya ba ni alherin sakin abin da na riƙe shekaru da yawa ba tare da na riƙa leƙowa ta taga ba. Ku kuma yi addu'a domin masu mulkinmu, waɗanda muka zaɓa da waɗanda ba mu zaɓa ba, kamar yadda aka umarce mu a 1 Timoti sura 2.

Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da ku duka. Amin.